Dattin Ciki: Me Muke Wankewa?

Masu jiran ci gaban labari su yi mini haƙuri na wannan makon, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga idan ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa ta ciki ce, wannan cikin dai da kowa ke yawo da shi, wanda Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ko bakin kasuwa a ƙasar nan ya san lasifikar mai magani, kuma ya san kalma biyun nan da ba sa barin bakinsa, wato dattin ciki. Ciwon kai dattin ciki ne, kasala dattin ciki ne, ƙurajen fuska, warin baki, ciwon baya, rashin haihuwa, kai har gazawar maigida, duk dattin ciki ne. Maganin kuma ɗaya ne tal, wani jiƙo a gora ko ƙulli a leda, ka sha da daddare ka kwana kana zarya tsakanin ɗaki da bayi, gari ya waye idanu sun zurma, kana jan ƙafa kana cewa alhamdu lillahi datti ya fita. Wanda kuma yake ganin shi ɗan boko ne ya wuce shan jiƙo, sai ya tsallaka kemis. Da ciki ya ɗan murɗa, ko an zaga sau biyu, sai ka ji ana a ba ni kafso mai ja da rawaya guda biyu, a haɗa mini da Flagyl, in canji ya ragu a ƙara Ampiclox. Babu gwaji, babu likita, iya kuɗinka iya shagalinka.

Mai jiƙo da mai kafso suna yi wa juna kallon hadarin kaji, amma in ka duba da kyau aƙidarsu ɗaya ce. Dukkansu sun yarda cewa duk abin da ke cikin hanji ƙazanta ne ko abokin gaba, don haka ko dai a wanke shi ko a kashe shi. To ni dai a ra'ayina wannan aƙida tana cikin abubuwan da ke cin lafiyarmu da ta 'ya'yanmu a ɓoye, kuma abin mamakin shi ne su likitocin duniya tuni suka juya akala. Yau akwai cutar da ake warkarwa ta hanyar mayar wa hanji da ƙwayoyin da ya rasa. Abin da muke biyan kuɗi mu zubar, shi wasu ke biyan kuɗi a dawo musu da shi.

Bari mu fara daga tushe. A shekarar 2016 wasu masana a cibiyar bincike ta Weizmann da ke Isra'ila suka zauna suka yi lissafi, suka ce baligi mai matsakaicin jiki yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin halittar jikinsa shi kansa kimanin tiriliyan 30 ne. Galibinsu a babban hanji suke zaune, kuma in an tara su duka nauyinsu kimanin giram 200 ne kacal. Tsarki ya tabbata ga Allah Mai halitta. Kuma ba zaman cin banza suke yi ba. Su ne ke narkar da dusar hatsi da zaren ganye da ɓawon wake waɗanda cikinmu ba ya iya narkarwa da kansa, daga nan su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke ci ya yi ƙarfi. Suna samar da bitamin K da wasu daga cikin dangin bitamin B. Suna koya wa garkuwar jiki bambance ɗan gida da baƙo tun mutum yana jariri. Sannan akwai babban aikinsu da ba a cika lura da shi ba, wato cike wuri.

Mai karatu, ɗauki misalin unguwa. Unguwar da take cike da jama'a, kowane gida da mai shi, kowace ƙofa da majalisa, yara na wasa tsofaffi na zaune, ɓarawo ba ya samun wurin sakewa, ko ya shigo zai wuce ne sum-sum. Amma ranar da aka tashi mutanen unguwar gidaje suka zama kango, ai ba sai an aika wa 'yan daba goron gayyata ba. To haka hanji yake. Miyagun ƙwayoyi suna shiga cikinmu kullum ta ruwa da abinci da hannu, wasu ma suna nan zaune tuntuni sun yi lamo, abin da ke hana su yaɗuwa shi ne babu wuri, babu abinci, 'yan gida sun cinye. Shi kuma maganin antibayotik, irin su kafson nan da muke haɗiya kamar gyaɗa, bai san ɗan gida ba bai san ɓarawo ba, in ya shigo kan mai uwa da wabi yake yi.

An gwada wannan a ƙasar Danmak, aka buga sakamakon a 2018. Maza 12 lafiyayyu aka ba antibayotik masu ƙarfi iri uku na kwana huɗu kacal. Bayan kamar wata ɗaya da rabi yawancin ƙwayoyin hanjinsu sun dawo, amma har bayan wata shida akwai iri tara da kowa yake da su kafin gwajin waɗanda ba a sake ganinsu ba a cikin yawancin mutanen. Kwana huɗu ke nan fa, ga ƙarti masu lafiya. To ina ga yaron da tun yana goyo, duk fitar haƙori sai an fasa masa kafso a cikin koko, duk mura sai an ɗura masa sirof na antibayotik, shekara ta zagayo ya sha sau shida ko bakwai? Shi kafson nan mai ja da rawaya ma, wato tetracycline, likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana ɓata haƙoran da ke tsirowa su yi launi har ƙarshen rayuwa.

Shi kuwa jiƙon wankin ciki, a gaskiya zawon dare ɗaya ba ya ƙarar da ƙwayoyin hanji, suna sake haihuwa su cike wuri. Illarsa ta wani gefen take. Abin da mai sha ke gani ya ɗauka datti ne, ruwan jikinsa ne da gishirinsa ke tsiyayewa, kuma ga tsoho ko mai juna biyu ko mai ciwon ƙoda wannan kaɗai ya isa ya kai mutum gadon asibiti. Sannan yana cinye lokaci. Mai ciwon da ya kamata a gano da wuri zai yi wata shida yana wankin ciki, sai abu ya ci jiki a kwashe shi ranga-ranga. An tafi neman gira an rasa ido.

Yanzu bari na kawo ku kan cutar da ta sa likitoci suka yi wa hanji kallon mutunci. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridioides difficile, likitoci suna taƙaita sunan su ce C. diff. Ita ce shugabar 'yan daban da na ambata. Tana jure wa magunguna da yawa, don haka in antibayotik ya share 'yan gida sai ta miƙe ƙafa ta hayayyafa, ta fitar da dafi mai cin bangon hanji, sai zawo mai tsanani da zazzaɓi da ciwon ciki, wani lokacin har rai ya yi halinsa. A Amurka kaɗai an ƙiyasta cewa a shekarar 2011 mutum kimanin 453,000 suka kamu, kuma kimanin 29,000 suka rasu cikin kwana 30 da gano cutar. Abin takaicin shi ne maganinta ma antibayotik ne. A ba mutum ya sha ta lafa, amma da yake unguwar har yanzu kango ce, sai ta dawo wa kusan mutum ɗaya cikin biyar, a sake ba shi, ta sake dawowa, wasu su yi wata da watanni a haka sun rame sun zama kamar kara.

Gafara dai mai karatu, in kana cin abinci ka ɗan ajiye cokali. Dabarar da aka samo ita ce a ɗauki bayan gidan mutum lafiyayye wanda aka yi wa gwaje-gwaje, a tace shi a ɗakin gwaji, a shigar da ƙwayoyin da ke ciki hanjin maras lafiya ta bututu, ko ta dubura, ko a cikin kafso. Wato dai a kwaso sababbin mutane a zuba a unguwar da ta zama kango. Kuma dabarar ba ta yau ba ce. Tun ƙarni na 4 wani mai magani a ƙasar Sin, Ge Hong, ya rubuta irin wannan don masu zawo mai tsanani. A 1958 wani likitan tiyata a birnin Denba na Amurka, Ben Eiseman, ya gwada ta a kan marasa lafiya huɗu da ciwon hanji ya kai su gargara, kuma duka huɗun suka tashi. Amma saboda ƙyama aka yi shekaru ana kau da kai.

Sai a 2013 likitocin birnin Amstadam na ƙasar Holan suka buga gwajin da ya rufe bakin masu musu. Cikin mutum 16 da aka yi wa wannan dashe, 13 sun warke a karon farko, da aka sake yi wa sauran ukun biyu suka ƙara warkewa, 15 cikin 16 ke nan. Su kuwa waɗanda aka ba antibayotik ɗin da aka saba bayarwa shi kaɗai, 4 ne suka warke cikin 13. Tazarar ta yi yawan da sai da aka dakatar da gwajin tun bai ƙare ba, domin an ga ba adalci ba ne a ci gaba da hana wasu abin da ke warkarwa. A watan Nuwamban 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani irin wannan mai suna Rebyota, a watan Afrilun 2023 kuma ta amince da Vowst, wanda kafso ne ake haɗiya.

Duk macen da ta taɓa ganin yadda ake kindirmo ba za ta yi mamakin hikimar ba. Bafulatana takan tafasa madara, ta bar ta ta huce, sannan ta kawo ɗan ragowar nonon jiya ta zuba ta rufe ƙwarya. Wuta ta kashe duk abin da ke cikin madarar, mai kyau da maras kyau, in ta bar ta haka nan duk abin da ya faɗa ciki shi zai yi mulki madara ta lalace. Wannan ɗan ragowar na jiya shi ne iri, shi ke cike wurin kafin ɓata-gari su iso. Na san wani zai ce to ai wancan najasa ce. Wannan fage na malamai ne, su suka san babin larura da iyakokinsa. Abin da nake so mu ɗauka shi ne darasin da ke ciki.

Sai dai ina roƙo da babbar murya, kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada a gida, ko wani mai magani ya buɗe sabon babi. A 2019 a Amurka ɗin dai, a babban asibiti, wasu marasa lafiya biyu masu raunin garkuwa suka kamu da ƙwayar E. coli mai jure magani ta hanyar irin wannan dashe, ɗaya ya rasu. In haka ta faru a inda ake tace mai bayarwa da gwaje-gwajen jini da na bayan gida, ina ga wanda zai yi a tsakar gida? Ciwon hanta, taifot, tsutsar ciki, kwalara, duk ta wannan hanyar suke bi. Kuma magungunan nan biyu da na ambata, don hana C. diff dawowa kaɗai aka amince da su. Duk wanda ya ce maka gyaran ƙwayoyin hanji yana warkar da ciwon suga ko taɓin hankali ko ciwon daji, to ya riga malam masallaci, waɗannan suna matakin bincike ne.

Wataƙila wata 'yar'uwa ta ce to mu ina ruwanmu da cutar asibitocin Turawa? Ga inda ruwanmu yake, tamowa. Babu wanda zai shiga cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ya fito idonsa a bushe. Mun saba cewa yunwa ce, kuma yunwar ce, amma akwai ƙari. A 2013 wani masani ɗan Amurka, Jeffrey Gordon, da abokan aikinsa suka bi diddigin tagwaye a ƙasar Malawi. Uwa ɗaya, gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma sai ka ga Hassan ya kumbura da tamowa Husaini lafiya lau. Da suka ɗauki ƙwayoyin hanjin yaran suka sa wa ɓerayen gwaji waɗanda babu ko ƙwaya ɗaya a cikinsu, suka ciyar da su irin abincin ƙauyukan, sai ɓerayen da suka karɓi ƙwayoyin mai tamowa suka zube suka rame. Ashe bayan ƙarancin abinci, hanjin yaron ma ya samu naƙasu.

Daga nan sai suka haɗa kai da likitocin ƙasar Bangaladash suka tsara wani abinci da nufin ciyar da ƙwayoyin kirki, daga garin wani irin wake da ake ci a can, da waken suya, da gyaɗa, da ɗanyar ayaba. Suka gwada a kan yara 123 'yan wata 12 zuwa 18 masu matsakaiciyar tamowa a birnin Daka, tsawon wata uku, aka buga sakamakon a 2021. Yaran da suka ci wannan haɗin sun fi saurin ƙara nauyi a kan waɗanda suka ci abincin tamowa da aka saba rabawa, duk da cewa wanda aka saba ɗin ya fi shi maiƙo da ƙarfi. Jama'a ku dubi kayan haɗin nan da kyau. Wake, waken suya, gyaɗa, ayaba. Wanne ne sai an hau jirgi kafin a samo danginsa?

Akwai kuma binciken da ya fi kusa da mu. A 2010 wasu masana 'yan Italiya suka kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Filorens. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, wato dai abin da kakanninmu suka ci suka girma. Sai aka samu hanjinsu ya fi yawan ire-iren ƙwayoyi, suna da wasu masu narkar da dusa da babu su sam a cikin yaran Turai, sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji sun fi yawa, dangin ƙwayoyin da ke kawo zawo irin su Shigella kuma sun fi ƙaranci. Ban ce yaran ƙauye sun fi lafiya ta kowace fuska ba, ai mun san zazzaɓin cizon sauro da gurɓataccen ruwa suna nan suna ɗibarsu. Amma ta fuskar abinci, muna da dukiyar da muke zubarwa da hannunmu. Yau a gidajenmu na birni yaro zai karya da burodi da shayi, rana taliyar leda, dare farar shinkafa da mai da yaji, a kora da lemon kwalba. Tuwon dawa ya zama abin kunya, ɗanwake da dambun zogale da kwaɗon rama sai in marmari ya tashi, hatsin ma sai an surfe shi an bai wa awaki dusar. Awakinmu suna cin abincin ƙwayoyin hanjinmu, mu muna cin fari tas muna kukan basir da cushewar ciki.

Kada a fahimce ni a baibai, ni ba abokiyar gabar antibayotik ba ce. Tun da Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, Allah kaɗai Ya san iyakar rayukan da wannan ni'ima ta zama sanadin tsirarsu, daga mai jego da zazzaɓi ya kama har yaro mai ciwon haƙarƙari da mai sanƙarau. A nan kusa da mu ma, a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, an yi gwajin ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin azithromycin sau biyu a shekara, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kimanin kashi 18 cikin 100. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma masu binciken da suka koma suka duba hanjin yaran sun tarar ƙwayoyi masu jure wa dangin wannan magani sun ƙaru. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in za a yi irin wannan rabo a taƙaita shi ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, kuma a riƙa sa ido. Ka ga masana sun auna riba sun auna hasara kafin su yanke. Mu kuwa a kemis wa ke aunawa?

Hasarar kuwa ta riga ta iso ƙofar gida. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta sun daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu na Afirka ta Yamma, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Kowane kafso biyu da aka haɗiya babu dalili horo ne ake ba miyagun ƙwayoyi, ranar da ciwon gaske ya zo a kawo maganin su yi masa dariya.

Sai kuma gargaɗi na gaba, domin na san halin kasuwa. Da zarar maganar ƙwayoyin hanji ta bazu, masu sayar da wankin ciki ne za su canza waƙa su koma sayar da gyaran ciki, ga kuma masu tallan kwalabe masu tsada a Facebook da WhatsApp, ana cewa ƙwayoyin kirki ne biliyan kaza a kowane kafso. Akwai wuraren da likita kan ga amfanin wasu daga cikinsu ya rubuta, amma a san cewa a 2018 an yi manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada a kan yara kusan 1,800 masu amai da gudawa, waɗanda aka ba irin waɗannan ƙwayoyi ba su riga waɗanda ba a ba warkewa ba. A shekarar dai masanan Weizmann suka gano cewa shan su bayan antibayotik ya jinkirta dawowar ƙwayoyin asali na mutum har tsawon watanni. Don haka kuɗin kwalba ɗaya gara a kai shi kasuwa a auno wake da gero, a sayo kindirmo mai tsabta wanda aka tafasa madararsa. Na ce wanda aka tafasa, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wasu cututtukan, haka nonon da aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba.

To me ya rage mana? Iyaye mata 'yan'uwana, ku ne farko. Nonon uwa yana ɗauke da wani irin sukari da jariri ba ya narkarwa, Allah Ya sanya shi ne musamman don ciyar da ƙwayoyin kirki na hanjinsa, don haka shayarwa zalla ta wata shida ita ce harsashin ginin. In yaro ya kamu da gudawa, yawancinta ƙwayar bairos ce ke kawo ta, antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004 shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono da abinci. In an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko ya galabaita idanu sun faɗa, ko zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, to asibiti maza-maza. Rigakafin rota mai kare yara daga zawo kuma ya shiga jerin rigakafin Nijeriya tun 2022, a kai yara a ɗiga musu.

Iyaye maza, Alhaji da Malam, a daina auna ƙwarewar likita da nauyin ledar magani. Likitan da ya duba yaro ya ce a ba shi ruwa da abinci a dawo jibi, ba rowa ya yi ba. In kuma ya rubuta antibayotik, a saya cikakke a sha yadda ya ce, kada a raba wa maƙwabta ragowar. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, in uwa ta zo da kuɗin kafso biyu ku miƙa mata ORS da zinki ku nuna mata hanyar asibiti, ribar da za ta zama sanadin cutar da ɗan wani ba riba ba ce. Hukumomin da ke ba da lasisin sayar da magani da masu sa ido kan tallan magunguna, a taimaka a leƙa tasha da kasuwa. 'Yan'uwana marubuta da masu shirya fim, ga fage nan, maganar da jaruma za ta faɗa a shafi ɗaya tana shiga ɗakunan da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa shiga ba.

Ciki dai amana ne, kuma ashe ba mu kaɗai ke zaune da shi ba. Wanda ya ciyar da 'yan gida ya bar su a gidajensu, su za su tsare masa unguwa yana barci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya kare mu daga cutar da muke saya da kuɗinmu. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, musamman likitocin da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take.